Ƙodar Yaya

SHAFI NA 23

Na ga saƙonninku. Masu zagin Yaya tun jiya, ku ajiye sandunanku ku karanta wannan tukuna.

*

Keken marasa lafiya suka ara mana a bakin ƙofar tsohuwar fadar sarki da masu yawon buɗe ido ke zuwa, bayan maigidana ya nuna musu ƙafafuna da suka kumbura. Ban yi musu ba, na zauna. Jiya aka yi min wankin ƙoda, kuma duk ranar da ta biyo bayan wanki ji nake kamar jikin wata na ara.

Ba yawo ne ya kawo mu ƙasar nan ba. Dashe ne. Yaya zai ba ni ƙodarsa ɗaya, an yi masa gwaje-gwaje, an sa rana. Ranar ta zo ta wuce. Likita ya ce an ɗaga, ya ce abin da ya shafi mai bayarwa shi ne zai faɗa min da bakinsa. Shi kuwa mai bayarwar, tun daga nan bai ƙara haɗa ido da ni ba.

Da safe Mama ta ɗaura ɗankwali ta ce a tashi.

"Ina za mu?"

"Fadar nan da ake ta magana. Ba za mu zo ƙasar mutane mu ƙare a ɗakin otal da asibiti ba."

Mama da ko kasuwa sai an lallaɓa ta. Na dube ta kawai, na nemi takalmin da ƙafata za ta shiga.

Sun sa mana wasu ledoji shuɗaye a kan takalma don kada mu ɓata musu daɓe. Har ni da ba taka ƙasa zan yi ba. Mai jagora tana gaba da 'yar tutarta, tana bayani cikin harshen da rabinmu ba ma ji. Yaya ne ke tura ni. Ya zaɓi bayan keke ne don a nan ba sai ya kalle ni ba.

Zinare ko'ina. A bango, a ƙofa, a ƙafar kujera, har a jikin agogo. Fitilu na reto daga sama kamar an daskarar da ruwan sama. An zana mutane a rufi suna shawagi cikin gajimare. Kowa ya ɗaga kai yana buɗe baki.

Ni ma na ɗaga. Na gani. Wuyana ya gaji na sauke.

Ƙishi nake ji. Ruwan da aka yarda in sha a rana bai cika ƙaramar gora ba, kuma na riga na sha rabi.

"Maman Mimi, kalli gadon sarki," in ji maigidana. Yana ɗauke da 'yarmu a wuya. "Duk wannan dukiyar, gadon bai kai namu tsawo ba. A naɗe yake kwana ke nan?"

Mimi ta ce, "Abba, ina banɗakinsa?"

"Sarki ba ya zuwa banɗaki."

"Ƙarya ne."

Yaya ya yi 'yar dariya a bayana. Na daɗe ban ji ta ba. Na jira in ji wani abu a raina, haushi ko daɗi. Babu wanda ya zo.

Da muka fito daga ɗakin gadon, ayarin ya nufi matakala. Yaya ya tsaya yana neman inda keke zai bi.

"Bi ta hagu," Mama ta ce. "Bayan labulen can akwai hanya, babu matakala."

Ya bi. Hanyar na nan.

Na ce, "Mama, ya aka yi kika sani?"

"Ai ubanku a garin nan ya yi karatu. Na taɓa zuwa."

Na san Baba, Allah ya jiƙansa, a nan ya yi karatu, kuma a nan aka haife ni kafin su koma gida. Amma mutumin da ya taɓa zuwa wuri sau ɗaya ba ya tuna abin da ke bayan labule.

Hanyar ta fito da mu wani dogon zaure mai tagogi a jere, duk suna kallon lambu. Babu mutane sosai. A ƙarshensa akwai benci ɗaya na katako, shi kaɗai ne ba a kewaye shi da jan igiya ba.

Mama ta juya wajen maigidana.

"Abban Mimi, kai yarinyar nan ta ga kifayen da ke tafkin lambu."

Bai tambayi wane tafki ba. Ya sauke Mimi, ya kama hannunta, suka fita. A nan na gane shi ma ya sani, ko mene ne.

Mama ta zauna a bencin. Yaya ya ja keken ya tsayar da ni a gabanta, ya taka birki, ya koma jikin taga.

Na riga su magana.

"Yaya."

"Na'am, Auta."

"In ka fasa, ka ce ka fasa."

Ya juya fuska wajen lambu.

"Ba zan riƙe ka ba. Kana da mata, kana da yara. Ƙoda ba riga ba ce da za a ce ka ara min. Amma ka daina ɓuya a bayan keke."

"Haka kike gani?"

"Me kake so in gani? Ka daina cin abinci tare da ni. In na shigo ɗaki sai waya ta kama ka."

"Ban fasa ba."

"To me ya faru?"

"Ba ta yi ba."

"Me?"

"Ƙodar. Gwajin ƙarshe ya nuna jikinki zai ƙi ta. Likita ya ce in aka saka, ba za ta yi sati ba."

Ya faɗa yana kallon lambu. Ya goge hanci da bayan hannu kamar yadda yake yi muna yara.

"Na roƙe shi ya sake gwadawa. Ya sake. Iri ɗaya."

Na ce, "To."

"To? Shi ke nan abin da za ki ce?"

"Me zan ce?"

Da gaske nake tambaya. Na duba cikina ban sami komai ba. Wata biyar ina rataye da ƙodar Yaya, yau an ce babu, kuma abin da ke raina shi ne ledar ƙafata ta dama ta fara zamewa.

"Me ya sa ba ku gaya min ba?"

"Mama ta ce a jira."

"A jira me?"

Ya dubi Mama. Ita kuwa jakarta take murzawa a kan cinya.

"Likitan ya tambaye mu," in ji Yaya, "ko akwai wani na jini. Ƙani, ko 'yar'uwa, ko wani makusanci. Na ce babu, mu biyu ne, Mama kuma ga hawan jini ga shekaru. Sai da muka fito baranda Mama ta riƙe min riga."

"Babba, bar ni," Mama ta ce. "Wannan nawa ne in faɗa."

Ta matso bakin bencin har gwiwarta ta taɓa tawa. Tana warin man zafin da take shafawa a ƙugu.

"Auta, kin san na shayar da ke."

"Na sani."

"Shekara biyu cif. Kin cije ni har na yi jini."

"Kin sha faɗa."

"Na shayar da ke. Amma ba ni na haife ki ba."

Wasu mutum biyu suka wuce ta bayanmu suna ɗaukar hoton rufi. Mai gadin zauren ya ɗaga musu yatsa saboda hasken kyamara. Suka ba shi haƙuri. Duk na gani, na bi su da ido har suka fita.

"Kin ji ni?"

"Na ji."

"Ki ce wani abu."

"Ci gaba."

Ta gyara zama a bencin.

"Lokacin da ubanku ke karatu, muna zaune a wani gidan haya mai hawa. Babba yana ƙarami. Ina da ciki. Ɗakin da ke jikin namu akwai wata yarinya 'yar wajenmu, ita ma da ciki. Mijinta ya kawo ta, bai daɗe ba mota ta kashe shi. Ba ta da kowa. A nan take aiki, a fadar nan, tana goge daɓe."

"Shi ya sa kika san hanyar labule."

"Nakan kawo mata abinci da rana. Mu zauna a nan mu ci a ɓoye."

Ta dafa bencin da tafin hannu.

"Na riga ta haihuwa. Tawa ba ta zo da rai ba. Mace ce. Ko ganinta ban yi ba, ubanku ne ya gan ta."

Yaya ya juyo daga taga. Ina jin wannan ɓangaren shi ma yau ya fara ji.

"Na dawo gida nono na zuba, babu mai sha. Ba a yi sati uku ba ita ta haihu. Nata nonon bai zo ba. Kina kuka dare da rana ta bango ina ji. Rannan na kasa, na je na ƙwanƙwasa, na ce ba ni ita."

"Sai ta ba ki."

"Aro ne da farko. In shayar, in mayar. Sai ya zama kina kwana wajena. Da ubanku ya gama karatu muka fara haɗa kaya, ta ce in zo nan in same ta. A kan bencin nan ta ce min, Yaya, ki tafi da ita. In ta zauna da ni ba za ta rayu ba."

Na kalli bencin. Katako ne kawai, gefensa ya sha hannu har ya yi sheƙi.

"Baba ya yarda?"

"Shi ya fi ni so. Ya ce Allah ya karɓi ɗaya ya ba mu ɗaya."

"Dangi fa?"

"Sun san na tafi da ciki. Na dawo da jaririya. Wa zai tambaya?"

Na gyaɗa kai. Lissafin ya fita daidai. Abin da na iya ji ke nan, cewa ya fita daidai.

A hannuna na hagu, inda ake soka allurar wanki, akwai jijiyar da likitoci suka haɗa, kullum tana zillo a ƙarƙashin fata. Na ɗora yatsa a kai. Tana nan tana yi.

"Auta, don Allah ki yi kuka," Mama ta ce. "Ko ki zage ni. Wannan shirun ya fi min ciwo."

"Ba na jin kuka."

"Me kike ji?"

"Ƙishi."

Yaya ya zaro gorar daga aljihun keken, ya zuba min a murfi. Rabi ya zube a siket ɗina. Na shanye sauran.

Na ce masa, "Ashe kai ba yayana ba ne."

"Kar ki soma."

"Tambaya ce."

"Nono ɗaya muka sha. Ni na koya miki keke, ni na sha duka ranar da kika fasa talabijin. In ba yayanki ba ne ni, wane ne? Direbanki?"

"Yau dai kai ke tuƙa ni."

Ya yi wani sauti, rabi dariya rabi kuka, ya juya baya.

Na koma kan Mama.

"Tana raye?"

"Tana raye."

"Kin neme ta ne bayan gwajin?"

"Ban taɓa rabuwa da ita ba. Duk hoton da aka ɗauke ki ta gani. Na makaranta, na aure, na ranar da kika haifi Mimi." Ta sunkuyar da kai. "Kin sha gaishe ta ma."

"Ni?"

"Ƙawata ta waje. Wadda nake shiga ɗaki in rufe ƙofa in ta kira."

Na tuna. Mama takan leƙo ta miƙo min waya ta ce zo ki gaida Antinki. In karɓa ina sauri, ina wuni Anti, lafiya lau, karatu alhamdulillahi, ga Mama. Matar ba ta cika magana ba. Wani lokaci sai in ji numfashinta kawai, in ɗauka layi ne ya lalace.

Akwai ranar da na ce wa Mama, wannan ƙawar taki ba ta da hira, me ya sa kullum sai an kira ni?

"Ita ta ce kada a gaya miki," Mama ta ce. "Ta sa na rantse. Ta ce yaro ba ya zama da uwa biyu a kai. Ubanku ya so ya faɗa kafin ya rasu, na hana shi."

"Yanzu fa?"

"Yanzu rai ake magana."

"Ta san ina ciwo?"

"Tun ranar farko. Ita ta nemo mana asibitin nan. Ita ta ce a kawo ki nan."

"Ta zo ta gan ni?"

Mama ta kawar da kai.

"Ranar wankinki na biyu. Kina barci. Ta tsaya a bakin ƙofa."

"Ba ta shigo ba."

"Ta kasa."

Na ce, "To."

Ban san me ya sa wannan kalmar kaɗai ke fitowa ba. Ta tagar ina hango maigidana a bakin tafki, ya riƙe bayan rigar Mimi tana leƙa ruwa. Ya ɗago ya kalli tagogin, bai san wacce ce tamu ba.

"Shi yaushe ya sani?"

"Shekaranjiya," in ji Yaya. "Bai yi barci ba tun lokacin. Kar ki riƙe shi."

"Ban riƙe kowa ba."

"Shi ne abin da ke ba ni tsoro."

Na gyara ledar da ke zamewa da ɗayar ƙafar.

"Ita za ta ba ni ƙodar ke nan?"

Mama ta ci gaba da murza jakarta.

"Mama. Ba don haka kika faɗa min ba?"

"An gwada ta."

"Sai me?"

"Ita za ta yi miki bayani. Ta ce wannan nata ne, kada in taɓa."

"Yaushe?"

Mama ta dubi agogon hannunta, sannan ta dubi ƙofar da muka shigo.

"Har yanzu a nan take aiki. Ta daina goge daɓe, yanzu tsaron ɗakuna take yi."

"A nan?"

"Kin wuce ta ɗazu."

Na yi ƙoƙarin tunawa. Kowane ɗaki akwai mai tsaro a kusurwa, da baƙaƙen kaya, a kan 'yar kujera. Mun wuce ɗakuna da yawa. Na kalli gado, na kalli agogo, na kalli mutanen rufi. Ban kalli fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba.

"Wanne ɗaki?"

"Ta roƙe ni kada in nuna. Ta ce tana so ta gan ki tukuna ba ki san ana kallonki ba."

"Ta gani ai."

"Auta, in ba ki shirya ba mu tafi. Wallahi mu tafi. In ce mata wata rana."

"Ina da wata ranar ne?"

Mama ta rufe baki da gefen mayafi.

Yaya ya bar jikin taga ya durƙusa a gabana, ya kama hannuna na dama, wanda babu allura. Karon farko ke nan da ya kalle ni sosai tun da aka ɗaga aikin. Idonsa ya yi ja.

"Ki ce in fitar da ke, in fitar da ke yanzu."

Ban ce ba.

Sai na ji takun takalmi a bayana. Ba na masu yawo ba ne, nasu leda ce ke ƙara. Wannan takun ma'aikata ne, a hankali, da ƙarar makullai. Ya zo ya tsaya.

Keken ya ɗan motsa. Wani ya dafa hannun keken ta baya.

Yaya yana gabana. Mama tana gabana.

Mama ta miƙe tsaye, jakarta ta faɗi ƙasa, ba ta ɗauka ba.

"Sannu, Yaya," aka ce mata daga saman kaina.

Hausa ce ta wanda ya daɗe bai sami abokin yin ta ba. Ban juya ba. Wuyana ya ƙi.

"Kin gaya mata?"

"Na gaya mata."

"Duka?"

Mama ta kalli ƙasa.

"Na bar miki naki."

Matar ta zagayo a hankali, ba ta saki keken ba sai da ya zama dole. Gajeriya ce, siririya, da furfura a gaban goshi inda ɗankwali bai rufe ba. Ta tsaya nesa da ni kaɗan, hannayenta a haɗe a gaba kamar mai jiran a ba ta izinin zama.

Na ce, "Ina wuni, Anti."

Abin da bakina ya saba ke nan.

Ta lumshe ido, ta buɗe.

"Lafiya lau," ta ce. "Ba zan ɓata miki lokaci ba, an ce ba kya jure zama. Na je an gwada ni. Ina da ciwon suga, ban sani ba sai yanzu. Likita ya ce tawa ba za ta yi ba."

"To."

"Amma akwai wadda tata za ta yi. Ya ce da wuya a sami wadda ta fi ta dacewa."

Yaya ya ɗago kai. "Wace ce?"

Ba ta kalle shi ba. Ni take kallo.

"Ku biyu na haifa, tagwaye," ta ce. "Ɗaya na iya riƙewa."

Na damƙe gefen keken.

"Ita ma ba ta san da ke ba. Na ce ta zo ta ɗauke ni in na tashi aiki." Ta juya ta kalli ƙarshen zauren. "Ga ta can tana shigowa."